Malama Zipora, Mai Wanke Ruwan Marina

Ƙofar ɗakina tana kallon bayan marina, saboda haka yawancin abin da zan faɗa muku da idona na gan shi. Wanda ban gani ba kuwa na bi shi gida-gida har na samo. Mutanen Tungar Karofi sun san ni, Inna Dudu, sun kuma san ba na barin zance a rabi.

Gari na fara haske, masunta na jawo jirage bakin gaɓa, ɗan kabu-kabu zai sauke Malama Zipora a bakin lambatunmu. Kayan zuwa aiki ne a jikinta, a goge tsaf, amma abin da take fara yi shi ne ta tuɓe takalminta mai kyau ta rataye a reshen darbejiya, ta zura na roba mai kaiwa gwiwa, ta sa safar hannu. Ta duba wayoyi ta tabbata a cire suke. Sai ta zaro farantan ƙarfen da ke jere cikin duro, ta tsuguna ta dirje su da yashi har bayansu ya yi fari, ta mayar. Ta goge farantin sola da tsumma. Ta kwashe lakar jiya da ta kwanta a gindin tanki ta kai wurin shanya. Rana na ɗagowa ta haɗa waya, ta tsaya har ta ga ruwan ya fara 'yan ƙananan kumfa, sannan ta wanke hannu, ta sauya takalmi, ta wuce makarantar 'yan mata da take kula da ɗakin gwaje-gwaje a Yelwa. Da la'asar ta dawo ta duba ruwan a kofin gilashi, ta ɗaga shi ga haske, in ya yi mata sannan ta buɗe famfo ya gangara gulbi.

Shekara kusan goma ke nan tana wannan. Ƙarshen wanga wata za ta ajiye aiki ta koma garinsu can cikin duwatsu. Na ji an ce makaranta za ta yi mata taro, a yi jawabi a kan kwalaben da ta wanke da ɗiyan da ta koyar. To, su yi nasu. Ni nawa daban ne, don in ba don wagga mata ba, da yanzu inda marinarmu take fili ne awaki ke kiwo.

Marinarmu ta mata ce. Zamanin iyayenmu maza ke rini a karofi, da baba da toka, kuma ruwan da ya mutu nan cikin rami yake ƙarewa. Da karofi ya mutu mu munka ɗauki sana'ar da galurar kanti, wadda ake haɗawa da soda da wata farar hoda mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, haidiro muke ce mata. A tafasa ruwa, a zuba, a tsoma shadda, a ɗauraye. Ruwan da ya saura, sai lambatu. Shi kuma lambatun ba shi da wurin zuwa sai wani hannun gulbi da ke shigowa bayan unguwa, inda ƙananan kifi ke girma, inda Sarkawa, masuntanmu, ke kafa tarkonsu. In tafkin Kainji ya cika yakan shanye launin, ba mai kula. Mu ma ba mu kula ba.

A shekarar da abin ya faru, ƙaramar Sallah ta faɗo farkon damina, lokacin da ruwa ya janye ƙwarai, farin ruwa mai sake cika tafkin bai iso ba. Mu kuma aiki ya yi mana yawa, har daga Wara da Shanga ake kawo shadda. Munka riƙa zubawa safe da yamma. Hannun gulbin nan ya koma kamar tukunyar zoɓo.

Wata safiya da hantsi sai ga Ɗangana, Sarkin Ruwanmu. Sa'ana ne, tare munka yi wasan ƙasa, kuma tun muna yara ba ya dariya sai wani ya faɗi. Kwando ne a hannunsa. Ya zo ya juye shi gaban rumfarmu. Kifin ƙarfasa ne ƙanana, matattu, cikinsu ya kumbura, ɓawonsu ya yi shunayya.

Ya ce, "Dudu, zo ki saya. Yau da launinsa ya fito, na hutar da ku rini."

Na ce, "Sarki, ina kwana tukuna."

Ya ce, "Ban kwana ba. Ɗiyana ma ba su kwana ba."

Na ɗaga kai na ga abin da ke bayansa. Samarin masunta ne tsaye da filafilan tuƙi. Ɗaya yana ta karkaɗa kwalin ashana kusa da kunnensa. Rumfarmu ta zana ce, kuma shaddar mutane ce rataye daga wannan kai zuwa wancan. Zulai'atu, uwar marina, wadda bakinta bai taɓa mutuwa gaban kowa ba, ranar ja da baya ta yi ta ƙanƙame sandar juya rini.

Mai gari ne ya raba. Ya saurari kowa, ya ce hukuncinsa ɗaya: a bar mu mu gama aikin Sallah muna tara ruwan a durarruka, kada ɗigo ya shiga lambatu. Juma'ar da ke bin Sallah zai zo da kansa. In mun nuna masa yadda ruwanmu zai shiga gulbi kifi bai mutu ba, marina ta zauna. In ba haka ba, a kwance rumfa, kuma ba za a sake rini a Tungar Karofi ba. Ɗangana ya ce ya yarda, amma in mai gari ya ji tausayi ya sassauta, shi ba ya lamunin hannun samari.

A marinar nan akwai gwauraye, akwai masu miji kwance, akwai masu riƙon marayu. Ba mu da gona, ba mu da jirgi. Munka zauna muna kallon durarrukan ruwa suna cika.

Malama Zipora a lokacin mai kawo mana aiki ce kawai. Ta zo karɓar yadin da matan majami'arsu sunka bayar a rina musu iri ɗaya. Ta tarar da mu kamar gidan makoki, ta tambaya, ni kuwa na zayyana mata har da abin da ba ta tambaya ba. Ta ce a ɗebar mata ruwan a gora. Ta tafi da shi. Kafin azahar labari ya zaga cewa wurin fastonsu za ta kai a yi addu'a. Wasu sunka ce a'a, hukuma za ta kai ƙararmu. Na ji duka biyun, na kuma isar da duka biyun.

Kwana biyu sai ga ta da kofin gilashi, da manyan ƙusoshi biyu, da waya, da batir. Daga baya na gano batirin babur ɗin mijinta ne, Malam Benjamin, wanda ya wuni yana zagaya gida yana tambayar wa ya taɓa masa mashin. Ta zuba ruwanmu a kofi, shunayya mai duhu har ba ka ganin yatsa ta cikinsa. Ta tsoma ƙusoshin ba tare da sun taɓa juna ba, ta haɗa kowace da nata kan batirin. Munka kewaye ta. Kumfa ta fara tasowa daga jikin ƙusa ɗaya. Can sai ruwan ya fara yin gudaji-gudaji, launin yana tattaruwa, wani ya hau sama da kumfa, wani ya gangara ƙasa. Tsakiyar kofin ta fara haske har na hango zoben Zulai'atu ta ɗaya gefen.

Zulai'atu ta ja da baya ta ce, "Malama, mi kinka sa ciki?"

Ta ce, "Ban sa komai ba, Hajiya. Wutar batir ce ke cin ƙarfen a hankali. Abin da ta ci yana narkewa cikin ruwan, shi ne ke kama launin ya dunƙule shi."

Na ce, "Ashe awara ce. An zuba ruwan tsami ta kama."

Ta yi dariya ta ce, "Kusan haka, Inna. Sai dai wannan ba a soya ta." Sai ta ɗaure fuska. "Kofi ɗaya ne wannan. Ban taɓa yi a duro ba, a takarda na karanta na gwada a makaranta. Ba na yi muku alkawari. Amma in kun yarda, zan gwada."

Saminu mai walda ya yanka mata farantan ƙarfe ya jera su a katako, tsakanin kowane biyu yatsa na shiga. Munka ciro farantin solar da muke cajin waya da shi, anka samo batirin mota. Gwajin farko ruwan ya ƙi. Na biyu ya yi ɗan haske ya tsaya. Ta tsoma wasu 'yan takardu masu sauya launi, ta ce soda ce ta yi yawa. Ta sa munka riƙa surka ruwan tukunya da na ɗauraya, mu zuba jiƙon tsamiya, mu bar shi buɗe ya sha iska ya kwana, sannan a sa masa wuta. A haka ya fara ji. Ta ƙara duro na biyu mai yashi da gawayi don ruwan ya bi ta ciki ya tace. Ta hana kowa kunna taba ko kawo garwashi kusa, ta ce kumfar nan iskar da ke cikinta tana kama wuta.

Nan fa wata sabuwa ta taso. Masunta sun san wuta a ruwa, don akwai ɓata-garin da ke zuwa da batir su kashe kifi babba da ƙarami. Da sunka ji wata mata daga tudu tana sa wuta a ruwan da zai shiga gulbinsu, sai samarin nan sunka fara zama kan katangar da ke kallon durarrukanmu. In ta zo su bi ta da ido, in za ta tafi su bi ta da ido. Wata yamma anka tsinka mata waya. Ta ɗaure, ta ci gaba. Na ce mata, "Malama, ba ki da shadda a nan, ba ki da kifi a can. Mi ya kai ki?" Ta ce, "Inna, kifin nan nake saye, yadin nan nake ɗaurawa. Miƙo mini filaya."

Yanzu ga inda Zulai'atu ta ce in na rubuta ba ta ƙara ba ni goro. Na ƙirga haƙoran da sunka rage mini na ga goron ma ya kusa fin ƙarfina.

Zulai'atu mace ce mai tsabta da gudun abin kunya. Wuƙarta, almakashinta, keken ɗinkinta, duk wani ƙarfe na ɗakinta in damina ta kama sai ta shafe shi da man kaɗe don kada ya yi tsatsa. Haka uwarta ta koya mata, haka duk muke yi. Ranar Alhamis da yamma, bayan Malama ta tafi, ta leƙa duro ta ga farantan sun yi ja, gefensu ya zaizaye kamar ɓera ya ci. Ta tuna gobe mai gari da manyan gari za su tsaya kansu. Ta zaro su, ta wanke, ta shanya, ta kawo man kaɗenta mai kyau na ajiya ta mulke su ciki da waje har suna sheƙi, ta mayar. Ba ta gaya wa kowa ba, so take ta faranta wa Malama rai.

Juma'a da hantsi gari ya taru. Mai gari kan kujera, Ɗangana tsaye don ya ƙi zama, samari kan katanga, mu mata a rakuɓe gindin rumfa. Ɗangana da kansa ya zaɓi duron da za a ɗebi ruwa, ya zaɓi mafi duhu cikin waɗanda munka surka. Anka cika. Malama ta haɗa waya.

Ba abin da ya motsa.

Ta jira. Ta duba kan batir, ta murɗa, ta sake haɗawa. Ruwan na nan shunayya, ko kumfa ɗaya babu, sai wani maiƙo da ke yawo a kai. Na ji wani daga kan katanga ya yi tsaki. Wani ya diro. Gabas kuma hadari ya fara haɗuwa, ga shi batirin namu tsoho ne, in rana ta ɓuya ba ya jimawa.

Ɗangana ya ce, "Ranka shi daɗe, mun gani. A sallame mu mu yi shirin masallaci."

Mai gari ya dubi Malama ya ce, "Akwai magana?"

Ta cire waya, ta zaro faranti ɗaya. Ya sulɓe daga hannunta saura kaɗan ya faɗi. Ta tuɓe safar hannu ta shafa shi da yatsa, ta kai hanci. Ina kallonta. Ta ɗago ta bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya, ta iso kan Zulai'atu, wadda ta ja mayafi ta rufe baki. Ta tsaya kanta kamar na numfashi ɗaya, ta wuce.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙarfen ne ya yi maiƙo, wuta ba ta samun jikinsa. A ba ni zuwa saukowa daga masallaci."

Ɗangana ya ce, "Wa ya sa maiƙon?"

Ta ce, "Sarki, ruwa kuka zo gani. A ba ni toka da ruwan zafi."

Mai gari ya daɗe yana kallon hadarin. Sannan ya ce daga saukowa Juma'a ba ƙari. Manya sunka tafi. Samarin ba su tafi duka ba, wasu sunka ce sai an yi kiran salla.

Malama ta durƙusa cikin taɓo da kayanta na fita, ta fara dirzar ƙarfe da toka da yashi. Wadda ta fara durƙusawa kusa da ita Zulai'atu ce, hawaye na zuba. Sai duk munka sauka. Man kaɗe ba ya fita da wasa, duk wadda ta taɓa wanke ƙwaryarsa ta sani. Munka dirza har fatar yatsu ta saluɓe. Anka kwashe maiƙon da ke kan ruwa da ludayi, anka watsa ɗan gishiri kamar yadda ta ce. Lokacin da ta mayar da farantan, rana ta riga ta shiga gajimare. Ta haɗa waya ta tsaya, hannunta ɗaya kan bakin duro. Ni dai na rufe ido ina karanta abin da na iya.

Zulai'atu ce ta taɓa ni ta ce, "Yaya Dudu, yana tafasa."

Kumfa ce ke tasowa a hankali, tana turo wani dunƙulen launi sama. Ko da maza sunka sauko daga masallaci an kwashe na sama, na ƙasa ya kwanta, ruwa na ɗiga ta duron yashi cikin baho. Ba zan ce muku ya yi kamar na rijiya ba. Akwai ɗan ja-ja kamar ruwan da anka wanke shinkafa 'yar gida. Amma kana ganin gindin bahon.

Ɗangana ya leƙa ya ce, "Ido ba ya shan ruwa. Kifi zai faɗa."

Na yi maza na ce, "To a kawo tarwaɗa."

Ya harare ni ya ce, "Tarwaɗa da ke kwana cikin taɓo ta tashi lafiya? Dudu, ko a tukunyar rininki anka sa ta sai ta yi ƙiba. Ƙarfasa za a sa, ƙanana, irin waɗanda kunka kashe. Su kai faɗuwar rana."

Malama ta ce ta yarda, amma a ajiye wani baho da ruwan gulbi kusa, a sa kifi irinsu, don kowa ya ga bambanci in akwai. Ta kuma faɗa gaban kowa cewa ita ba ta ce ruwan nan na sha ba ne, kada wata ta dafa abinci da shi. Na so in tsunkule ta, don a ganina ba ranar faɗin wannan ba ce. Sai na ga Ɗangana ya dube ta da kyau, karo na farko.

Anka sa kifi. Munka zauna. Hadarin nan ya yi ta gurnani bai zubo ba, zafi ya taru. Bayan la'asar sai ɗaya daga cikin na bahonmu ya kwanta gefe guda, yana buɗe baki a saman ruwa. Saurayin nan mai ashana ya matso. Na ji Sa'adiyya, wadda ke riƙon ɗiyan ƙanenta, ta fara salati ƙasa-ƙasa.

Malama ta ce, "Sarki, iska ce ta yi masa kaɗan. Ka ba ni izini in sheƙa ruwan."

Wani saurayi ya ce dabara ce. Ɗangana bai kula shi ba. Ya tsuguna ya daɗe yana kallon kifin, ya leƙa ɗaya bahon, inda su ma sun taso sama suna haki. Ya san ruwa, ba zan hana shi wannan ba. Ya karɓi ƙwarya ya ce shi zai yi da hannunsa, kuma duka biyun zai yi wa. Ya riƙa ɗiba yana zubowa daga sama kamar mai fifita kunu. Kifin ya karkaɗa wutsiya, ya sake kwantawa. Ya ƙara sheƙawa. Can ya mirgina ya daidaita, ya nutsa ƙasa wurin 'yan uwansa.

Da ladan ya kira magariba duk suna da rai. Ɗangana ya ɗauki bahon ya kai gulbi ya sake su. Mai gari ya ce marina ta zauna, da sharaɗi: duk ranar da anka ga launi a lambatu, a kwance rumfa ba sai an sake zama ba. Sharaɗin nan yana nan har yau, ba a janye ba.

Malama Zipora, ke ce kinka hana mu zubar da lakar launin nan a bola, kinka sa anka haƙa mata rami nesa da rijiya anka daɓe shi da yumɓu. Ke ce wata Sallar, da aiki ya fi ƙarfin duro wasu cikinmu sunka so su ɗan saki ruwa da sassafe, kinka tsaya bakin lambatu da takalmin robarki kinka ce sai dai a zuba a kanki. Sa'adiyya ta gani, Saminu ya gani, kuma na san sunan masu bokitin, na bar su don sun tuba. Ke ce lokacin da Malam Benjamin ya kwanta asibiti kinka riƙa zuwa daga can kai-tsaye, ki dirje ƙarfe, ki koma. Farantai nawa wuta ta cinye anka sauya, ke kina nan. Tafin hannunki yanzu ya fi namu kaushi, mu da anka haifa cikin soda. Kuma har yau ba ki taɓa faɗin wa ya shafa man kaɗe ba. Ita ce ta faɗa da bakinta, ni kuma na taimaka mata ya kai ko'ina.

'Yar duwatsu mai gyaran ruwan 'yan gulbi, mun gode. Allah shi saka miki, shi ba Malam Benjamin lafiya, shi sa ki huta cikin jikokinki. Mun rina miki shadda, Zulai'atu ce ta zaɓi launin, kuma ruwan da ya fita daga cikinta ke kinka wanke shi ba ki sani ba.

Ku kuma masu karatu, musamman ku na bakin gulbi daga Yelwa har Ngaski da ke da marina ko wani aiki mai ɓata ruwa, ku zo ku gani tun tana nan. Ba ta ɓoye wa kowa, kuma ba ta gajiya da tambaya. Ɗiyanmu da sunka yi karatu, ku dubi wagga mata: abin da ta karanta ba ta bar shi a makaranta ba.

Shekaranjiya na tarar da Ɗangana tsugune bakin lambatu, ya tsufa har sai da sanda. Ya ɗebi ruwan a tafin hannu ya duba, ya zubar. Bai dube ni ba ya ce, "An ce za ta tafi." Na ce haka ne. Ya ce, "To." Ya miƙe ya wuce. Na san wannan "to" ɗin, ba gaisuwa ba ce, gargaɗi ne: idonsa na kan lambatu.

Sa'adiyya da Zahra'u, abokiyar aikinmu, sun koyi haɗa waya da duba ruwa, Malama ta ce hannunsu ya faɗa. Amma dirzar ƙarfe kullum safiya ba aikin mutum biyu masu goyo ba ne. Saboda haka matan Tungar Karofi, Litinin ɗin farko bayan tafiyarta, gari na fara haske, ni zan fito da gwiwoyin nan nawa da ƙwaryar yashi. Zan zauna inda nake ganin kowa. Wadda ta zo, Allah shi yi mata albarka. Wadda ba ta zo ba, kafin azahar duk kasuwar Yelwa ta san sunanta.